Sallamar Akwatin Lado

Lado mai gyaran rediyo na unguwar Jambutu a Yola mutum ne mai sauƙin kai a komai, ban da abu ɗaya: kiɗa mai kauri, irin wanda in ya buga sai ka ji shi a ƙirji kafin kunne. Ya daɗe yana gyara wa masu kiɗan biki na'urorinsu yana tsaki, yana cewa duk wannan hayaniya ce kawai. Burinsa ya haɗa tasa wufa, wato babbar sifikar nan mai fitar da amo mai zurfi, da amfilifayar da za ta tura ta, ya riƙa ba da haya a bukukuwan unguwar Karewa. Matarsa Naziha ta ji maganar har ta haddace ta.

Ranar da ya tashi da gaske, shagon abokinsa Hosea ya nufa a kasuwar Jimeta. Hosea na sayar da kayan lantarki, shi ne kuma ke kula da na'urorin cocinsu, don haka ba a yi masa ƙaryar sani. Da ya ji abin da Lado ke so, sai ya ɗauko wani ɗan allo na zamani wanda bai fi tafin hannu ba, an gama haɗa shi tun daga kamfani. Ya ce wannan ba ya zafi, ba ya shan wuta, waya kawai za a jona. Lado ya juya shi sama da ƙasa ya mayar masa. Ya ce wannan ai ranar da wutar Jimeta ta yi tsallen da ta saba, sai dai a jefa shi a bola, babu abin da ƙarfen dalma zai kama a ciki. Shi tsohon tsari yake so, na taransista jere bibbiyu, wanda in ɗaya ta ƙone zai cire ya sa wata.

Haka suka wuni suna musu suna ware kaya. Taransifoma dai Lado yana da ita, ta wata matacciyar sitabilaiza da ya sake naɗa wa waya da hannunsa. Ya zaɓi manyan kafasita masu girman gwangwanin madara, don su tara wuta kada amo ya tsinke in kiɗa ya yi nauyi. Ya ɗauki doguwar alminiyam mai haƙora wadda za ta shanye zafin taransistocin, da fanka biyu, domin zafin Yola ba ya yi wa kowa kara. Ya ƙara da ɗan mataci mai tace siraran muryoyi ya bar masu kauri kaɗai, sai fiyus. A kan waɗannan duka sun daidaita.

Inda suka saɓa, wani ɗan abu ne baƙi mai kamar ƙwayar dabino. Hosea ya ce rile ne, aikinsa ya riƙe sifika shiru na ɗan lokaci in an kunna, har wuta ta daidaita a ciki, sannan ya sake ta. In babu shi, duk lokacin da wuta ta shiga sai wufar ta yi wani irin dum. Lado ya yi dariya har da buga kanta. Ai wannan dum ɗin shi ne kasuwa! Masu haɗa amfilifaya a garin nan sallama suke ce masa. Mai neman haya yakan tsaya a ce kunna, in akwati ya yi sallama har ƙasa ta motsa, sai ya gyaɗa kai ya ce wannan da ƙarfi. Wanda ya tashi shiru kuwa, ko ya fi ƙarfi sau goma, cewa za a yi rago ne.

Hosea ya dube shi ya ce, “Mutumina, ba ka ce Goggonka tana gidanka yanzu ba?”

Lado ya ce a shago zai haɗa, me zai kai shi gida. Hosea ya dai jefa rilen cikin ledar ya ce gyara ne. Lado na isa shago ya zare shi ya wurga cikin gwangwanin kusoshi.

To, Goggo Zinariya ƙanwar baban Lado ce, a bayanta ya girma bayan rasuwar mahaifiyarsa. Daga baya aure ya kai ta Madagali. Shekarar da 'yan bindiga suka shiga garin, a ƙafa ta fito ta cikin duwatsu, da jikarta a goye. Mijinta bai fito ba. Jikar ma ba ta iso Yola ba, kuma Goggo ba ta taɓa faɗa wa kowa yadda aka yi ba. Ta sauka a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, da aka fara watsewa kuma ta kama ɗan ɗaki a ƙauyen tare da 'yan garinsu, tana soya ƙuliƙuli. Shekara da shekaru Lado na zirga-zirga yana roƙonta ta dawo gidansa, tana cewa ita a nan ta fi sakewa, cikin waɗanda ba sai ta yi musu bayani ba. Sai da Naziha ta haifi Hafsah, aka rasa mai yi mata wankan jego, sannan Goggo ta ɗauro ɗan ƙunshinta ta zo. Aka yi arba'in ba ta tafi ba. Lado ya yi shiru da bakinsa kada ya tuna mata.

Kowa a gidan ya san dokar zama da ita. Ba a buga ƙofa. In Naziha za ta yi daka sai ta leƙa ta ce, Goggo zan sa taɓarya. Lokacin Kirsimeti da yaran unguwa ke fasa nokawut, abin wasan nan mai ƙarar bindiga, auduga take cusawa a kunne ta shige ƙurya. Lado da kansa ya kafa wannan doka, shi ya fi kowa faɗa in an karya ta. Kada wani ya ce bai sani ba, ya sani sarai.

Matsalar daga kafinta ta taso, ko in ce daga Lado, tunda shi ya ba da awo. Ya sa aka yi akwatin katako mai kauri, mai rami a gaba inda iska za ta riƙa fita, ya auna komai daidai, sai ƙofar shagonsa ce bai auna ba. Aka kawo akwati a Keke, aka juya shi ta gefe, aka juya shi ta kai, ya ƙi shiga. Mutane suka taru suna ba da shawara suna dariya. Ƙarshe dai gida aka wuce da shi, aka ajiye a baranda. Naziha ta kafa masa ido, ya rantse mata cewa ɗauri da liƙi kawai zai yi a nan, ba zai taɓa kunna shi ba sai an kai fili.

Abin mamaki, Goggo ta so akwatin. Ta yafa masa tsohon zane don ƙura, ta mayar da shi majingina. Da rana nan take zama ta jingina bayanta tana tsince wake, Hafsah na wasa a cinyarta. Takan tsokani Lado ta ce ya yi mata kujerar mulki. Har ƙiba ta fara yi, Naziha ta ce ta ji ta tana yi wa yarinyar waƙa.

Da aiki ya kammala, hannun Lado ya fara ƙaiƙayi. Wata safiya matan suka fita barkar haihuwa a maƙwabta, gida ya zama babu kowa, ga wuta kuma tsaye. Ya ce a ransa sau ɗaya dai, kafin su dawo. Ya jona, ya danna. Dum! Kwanon rufi ya amsa, ƙura ta zubo, kaji suka watse. Daɗi ya kama Lado har ya ji kamar ya taka rawa. Ya sa kiɗa can ƙasa-ƙasa yana taɓa alminiyam ɗin ya ji ko ta yi zafi, ba ta yi ba. Yana cikin haka aka ɗauke wuta. Sai ga waya daga wani mai talabijin yana jiran sa a shago. Ya zare wayar kiɗan, ya mayar da zanen Goggo, ya fita yana fito.

Wa ke tuna makunni a garin nan in an ɗauke wuta? Fanka, ƙwan fitila, talabijin, duk a kunne ake barin su, su ne ma ke sanar da mutum an kawo. Lado da ke yi wa mutane wa'azi kullum a kan wannan, shi ma haka ya bar nasa.

Bayan azahar Naziha ta tafi Islamiyya ta bar Hafsah wurin Goggo kamar kullum. Lado na shago fankarsa ta fara juyawa, ya ce alhamdulillahi, ya jona ƙarfen dalma, bai kawo komai a ransa ba. Sai wajen la'asar Naziha ta kira shi a waya. Ta dawo ta tarar da ƙofa a buɗe, wake a warwatse, takalman Goggo a inda suke, babu ita babu yarinya.

Unguwa ta bazu nema. A cikin kwalbatin bayan layi aka same su, wata mai tallar awara ce ta hango ƙafa. Goggo na kwance rub da ciki cikin laka, ta danne Hafsah a ƙarƙashinta, tafin hannunta a kan bakin yarinyar. Da ƙyar aka ɓamɓare yatsun. Fuskar Hafsah ta yi duhu, sai da aka jijjiga ta aka yayyafa mata ruwa sannan ta ja numfashi ta tsala kuka. Goggo kuwa raɗa kawai take yi, tana tambaya ko sun wuce. Aka ce su wa? Ta ce bam ya tashi a bayanta, ta ji shi har cikin ƙashinta. Mutane suka dubi juna. Babu wanda ya ji komai, domin daidai lokacin da aka kawo wuta injin markaɗen layin ya tashi, yara kuma suka ɗauki ihu kamar yadda suka saba. Aka yi ta ce mata lafiya lau, Goggo, babu abin da ya faru.

Lado ne ya riga kowa komawa gida don ya ɗauko mata zane. Yana taka baranda ya ji wani ɗan gunji a hankali. Ya ɗaga zanen. Jar fitilar amfilifaya tana ci, fankokin nan biyu na juyawa abinsu. Ya tsaya yana kallon fitilar, ya waiga hagu ya waiga dama, sannan ya miƙa yatsa ya kashe. Ya sake rufe zanen.

Da aka wanke Goggo aka zaunar da ita, ta daɗe tana kallon hannunta na dama. Can ta ce, “Ashe a cikin kaina ne. Na zaci ya bar ni, ashe yana nan.” Lado na tsaye a bakin ƙofa. Maganar ta zo masa har maƙogwaro, ya ga idon Naziha jawur, ya ga maƙwabta cike da tsakar gida, ya haɗiye ta. Ya ce a ransa gobe, in an watse.

Gobe ta zo ta wuce, maganar kuma kullum ƙara nauyi take yi. Naziha ta daina zuwa Islamiyya, ko banɗaki za ta shiga da Hafsah a bayanta take shiga. In yarinyar ta rarrafa wajen Goggo, sai Goggo ta ɓoye hannayenta cikin mayafi ta kau da kai. Ba a rufa mako ba ta ɗaure ƙunshinta. Ta ce mai irin ciwonta ba ya zama gidan da ke da yara, Allah ya tsare sau ɗaya, ba za ta jira na biyu ba. Lado ya yi ta roƙo, ya kawo wannan dalili ya kawo wancan, ban da dalili ɗaya da zai tsayar da ita. Shi da kansa ya tare mata Keke zuwa Malkohi. Wallahi abin kunya ne, kuma ya san abin kunya ne.

Abinci ya daina shiga masa. Ya zazzage gwangwanin kusoshi ya nemo rilen Hosea, ya zauna ya ɗaura shi da kyau, kamar hakan zai mayar da wani abu. Yanzu in an danna, shiru, sai ɗan ƙas kamar an karya tsinke. Naziha ta fito ta same shi yana kunnawa yana kashewa, ta tambaye shi ina rantsuwar da ya yi. A nan ya faɗa mata komai, kansa a ƙasa. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Cewa ta yi, ya bar ta ta riƙa ɓoye wa baiwar Allah jikarta kamar mayya, yana kallo yana cin tuwo. Ta ce kada ya sake shigo mata ɗaki sai ya je Malkohi.

Ya tarar da Goggo ta rame, kaskon ƙuliƙuli a kife. Maƙwabciyarta ta ja shi gefe ta ce masa, tun da ta dawo take sa a ɗaure mata ƙofa da igiya ta waje in za ta kwanta, wai kada abin ya motsa ta fita ta taɓa ɗan wani. Lado ya durƙusa a gabanta ya ce mata ƙarar gaskiya ce, akwatin da take jingina da shi ne ya yi ta, shi ya bar shi a kunne.

Goggo ta yi ɗan murmushi. Ta ce tun yana yaro bai iya ƙarya ba, yanzu ma bai iya ba. Akwatin da ta yi wata da watanni tana barci a jikinsa? Allah ya yi masa albarka da ya so ya ɗauke mata, amma ya bar wa mai kaya kayansa. Ya rantse, ya sake rantsewa, har hawaye suka zubo masa. Sai ta daina murmushin. Ta ce in gaskiya ne, to ta ji da kunnenta. Ya ce zai kawo shi nan da janareta. Ta ce a nan? Ya rufa wa mutanen Malkohi asiri, ita za ta bi shi.

Da hantsi suka isa Jambutu, aka yi sa'a akwai wuta. Naziha ta miƙa Hafsah maƙwabta, ta shimfiɗa wa Goggo tabarma a tsakar gida ta zauna kusa da ita. Lado ya yaye zanen. Saboda ruɗewa ya manta da gyaran da ya yi, ya danna. Shiru, sai ƙas.

Goggo ta sauke numfashi ta ce, “Ka gani?” Ta fara laluben takalminta.

Ya ce ta tsaya, don Allah ta tsaya, ya yi masa gyara ne. Ya kashe, ya zare filogi, ya buɗe murfi, ya yanko ɗan guntun waya ya tsallake rilen da shi. Dalma ta ɗiga masa a yatsa bai ji ba. Da ya ɗago ya ga Goggo ta damƙe gefen tabarma da hannu biyu, leɓenta na motsi, tun ba a yi komai ba jikinta ya fara ɓari. Wannan matar da ya hana a buga wa ƙofa, yau shi zai tayar mata da abin da gangan. In kuma bai tayar ba, za ta koma a ci gaba da ɗaure mata ƙofa da igiya. Ya tsaya da yatsa a kan makunni ya kasa.

Ta ce, “Kunna, Lado.”

Dum! Kwanon rufi ya amsa. Goggo ta kife da fuska a cinyar Naziha, ta saki wani sauti da Lado bai taɓa ji daga bakin mutum ba. Ƙafafunta suka yunƙura za su gudu, Naziha ta rungume ta tana cewa akwati ne, Goggo, ga shi nan, akwati ne. Lado ya fizge filogin.

A hankali ta ɗago. Ta rarrafa zuwa baranda, ta dafa katakon, ta leƙa ramin da ke gaba, ta taɓa baƙar fuskar sifikar da ɗan yatsa. Ta ce shi ne, wallahi shi ne, har yadda ya bugi baya. Ta dubi hannunta na dama, ta juya shi, ta goge hawaye da shi. Ta ce wa Naziha ta je ta ɗauko mata yarinyar.

Da aka kawo Hafsah, Goggo ta karɓe ta ta goya da kanta, ta ja zane ta ɗaure tamau. Lado ya ji wani sanyi ya fara sauka a ƙirjinsa, har ya buɗe baki zai ce a je a kwaso kayanta. Sai ta juyo ta dube shi.

“Yaushe ka sani?”

Kafin ya amsa ta ci gaba.

“Ranar da na zauna a ɗakin can ina cewa a kaina ne, kana tsaye a bakin ƙofa. Ka sani a lokacin?”

Ya ce, “Na sani, Goggo.”

Ta gyaɗa kai. Ba ta zage shi ba, ba ta ce Allah ya isa ba. Ta ce wa Naziha a aika Malkohi a kwaso mata kaskonta da sauran kaya, a kuma ce wa maƙwabciyarta ta kwance igiyar. Sannan ta ɗauki tabarmarta ta kai can ƙarshen tsakar gida, gindin bango, ta zauna tana jijjiga yarinyar.

Goggo tana gidan har yau. Akwatin yana zuwa bukukuwa a Karewa da rilensa a ciki, masu haya suna ƙorafin ba ya sallama, Lado ba ya tanka musu. Kullum da safe yakan durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa lafiya lau, ta tambaye shi aiki. Amma tun daga ranar ba ta sake tsokanarsa ba, in kuma tana da saƙo gare shi, Naziha take ba.